Ruwan Zafi Kafin Mai

A shekarata ta uku a Alƙahira na samu wurin zuwa duk ranar Alhamis. Da an tashi darasi sai in bar Madinat Nasr, in hau ƙaramar bas, in sauka in shiga jirgin ƙasa har Wustul Balad, wato tsakiyar birni, in nufi wani shagon gyaran bindigogin farauta da ke cikin lungu. Ba bindiga ke kai ni ba. A bayan shagon akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka tashi aikin Hajji a ƙafa, suka yada zango a hanya har zangon ya zama gida. Yana kan teburin gyaran nan tun kafin a haife ni. Hausarsa irin ta kakata ce, shayinsa kuma mai kauri ne, ni kuwa kewar gida ta ishe ni.

Tun ranar farko na gaya masa mahaifina maƙerin bindigar toka ne. Wannan gaskiya ce. Abin da ban gaya masa ba shi ne ko awartaki ban taɓa miƙa wa mahaifin nawa ba. Ni ɗan karatu ne mai farar riga, idan zan ratsa maƙera sai na tattare gefen rigata kada baƙi ya taɓa ni. Amma a gaban Baba, haka nake kiran dattijon, sai na zama gwani. Idan ya yi bayani in gyaɗa kai in ce ai haka muke yi a gida. Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ɗan gado ke nan."

Cikin masu kawo masa aiki akwai wani tsohon likita daga unguwar Ma'adi, mai wata bindiga da ya gada wajen mahaifinsa, irin mai cin harsashi ɗaya. Kana ɗurawa, ka rufe, ka harba, ka buɗe ka cire kwanson. Likitan ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai Baba, har mai shagon kansa. Kuma yana da taurin kai a kan abu guda: a wajen wasan harbi ba ya sa mata harsashi sai na cikin wani tsohon gwangwani da uban ya bari.

Baba ya taɓa ɗora harsasai biyu a tafin hannuna ya nuna mini gindinsu. A tsakiyar kowane akwai ɗan abu kamar maɓalli, suna ce masa kabsula, shi allurar bindiga ke bugawa, wuta ta tashi. Ya ce na zamani ba shi da matsala. Na da kuwa, idan ya ƙone yakan bar wani gishiri a jikin ƙarfe, musamman a fuskar tirbas, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi. Gishirin nan yana jawo laima, laima ta kawo tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfen a kewayen ramin allura har ya zama kamar fuskar wanda ya yi agana. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Hankalina yana kan faranti, ina duban sauran biskit.

Wata Alhamis cikin tsananin zafi na iske bindigar a warware a kan tebur. Likita ya yi harbi da safe, ya kawo a wanke masa, zai yi tafiyar wata guda. Baba ya gama da bututun, saura tirbas, sai waya ta shigo cewa an kai 'yarsa asibiti haihuwa. Ya miƙe a gaggauce, ya rasa takalminsa ɗaya. Ya tura mini ƙarfen a cikin tasa.

"Ya waladi, ɗana, ga buta can ta tafasa. Ruwan zafi tukuna, ka wanke sosai, ka busar, sannan mai. Ka dai sani."

"Khalas, shi ke nan, Baba, ka tafi abinka. Allah ya sauke ta lafiya."

Da ya fita na tsaya ina kallon butar. Ruwa a kan ƙarfe? Ni da na yi karatu na san ruwa ke kawo tsatsa. Na ce a raina tsufa ne da ruɗewa, tsohon nan bai san abin da bakinsa ke faɗi ba. Na goge tirbas da tsumma har ya yi ƙyalli, na zuba masa mai ba ƙyashi, na naɗe na ajiye. Ruwan kuwa na haɗa shayi da shi na sha. Washegari Baba ya ga ƙarfe yana sheƙi, ya mayar da shi jikin bindiga ya kulle a akwati, da na koma kuma bai tambaye ni komai ba.

Ranar da likita ya dawo ina wurin. Baba ya buɗe bindigar a gabansa kamar yadda ya saba, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Fuskar ƙarfen ta yi ja, ga wani zobe na ƙananan ramuka ya kewaye ramin allura. Man ya rufe gishirin ne kawai, bai narkar da shi ba, tsatsa ta yi wata guda tana ci a ƙarƙashi. Likita bai ɗaga murya ba. Ya shafa wurin da yatsa ya ce a hankali ƙarfen nan ya girme shi, kuma ba a ƙera irinsa yanzu.

Mai shago ya matso ya ce wa Baba, "Ya Hajj, me ya faru?"

Baba ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, dama ce ya ba ni. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar jakata. Na tuna takardar zamana a ƙasar, na tuna ba ni da izinin taɓa komai a shagon nan, na nemo wa kaina hujjoji har sun fi ƙarfin bakina.

"Idona ne," in ji Baba. "Ya fara rauni. Ma'alish, ka yi haƙuri, ya doktor."

Da yamma na kira mahaifina, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye shi da me ake wanke bindiga bayan harbi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da ruwan zafi mana. To butar nan da ke gefen wuta kullum, kana tsammani ta alwala ce? Ai a gabanka nake yi, kana zaune da littafinka." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa amsa gaisuwar mahaifiyata da kyau.

Na yi makonni uku ban je shagon ba. Da na koma da niyyar faɗin gaskiya, na tarar da wani Bamisire a kan teburin bayan. Mai shago ya ɗauki maganar ido da gaske, ya ce mai raunin gani ba zai riƙe bindigar mutane ba. Don mutunci bai sallami Baba ba, ya ajiye masa kujera a bakin ƙofa, yana karɓar baƙi yana dafa shayi.

Na durƙusa na fara, "Baba, ni ne..."

"Na sani tun ranar da likita ya dawo," ya ce. "Yanzu in ka faɗa, sai a ce na ba baƙo bindigar amana, kujerar ma ta tafi. Zauna."

Na zauna. Ya ɗauko butar nan, ya zura zare a allura a gabana ba tare da ya lalube ba, ya ɗinke tsumman da yake riƙe ta da shi, sannan ya zuba mini shayi.