Hajar da Gara Ba Ta Ci

Shekara ashirin da wani abu ina sayen hatsi da wake da kaka, in ajiye, in fitar da bazara. Ba wanda ya koya mini sana'ar sai Inna, wadda take awo a cikin gida a Gummi tun ina goye. Karatunta guda ne: riba wurin saye take, ba wurin sayarwa ba. In ka ga kaya ya faɗi, ɗauka ka jira. Da wannan karatun na tashi daga tiya zuwa buhu, daga buhu zuwa sito biyu. Da shi kuma na faɗa ramin da zan ba da labarinsa, shi ya sa ban ga ramin ba sai da na ji ni a ciki.

Akwai wani tsoho a Adabka da ke noma farin wake manya, irin wanda masu zuwa daga Kudu ke tambaya tun kafin su sauko daga mota. Tsakanina da shi akwai wata al'ada. In an gama sussuka yakan aiko mini da rana. Ba mai kwance bakin buhunsa sai na zo na tura hannu, na ciji ƙwaya, na yi tayi. Tayin farko nawa ne. Abin ya samo asali ne wata shekara da na gaya masa gaskiya cewa farashi zai tashi nan da mako biyu, ya dakata, alhali da na yi shiru da na kwashe a arha. Bai manta ba. Kuma duk inda tsohon ya sallama, nan rabin manoman unguwarsu ke sallamawa, don haka wannan tayin shi ne ƙashin bayan shekarata. Ba takarda, ba shaida. Sharaɗinsa ɗaya, in zo ranar da ya sa, kafin azahar.

Waya babba na saya don jin farashi da tura kuɗi. Taubashina, mai shagon caji da gyaran waya a Gummi, shi ya haɗa mini ita da katin banki. Sana'armu akwai jira a cikinta, jiran mota, jiran masu dako, jiran wanda ya ce yana hanya alhali bai yi wanka ba. Rannan ya ga ina hamma a bencinsa, sai ya sa mini wani gem, wasan waya na tuƙa babbar mota a kan hanyoyin dutse. Ya ce tunda ban iya sayen tirela ba, in tuƙa wannan. Na tuƙa, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga nan ya nuna mini kantin da ke cikin wayar, inda ake sayar da irinsu.

A kantin akwai wani sashe na rahusar yau. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya na safe yake sauyawa. Za ka ga tsohon farashi an ja masa layi, sabon a ƙarƙashinsa da launi mai ɗaukar ido, ga agogo a gefe yana cin lokaci da baya da baya. Na san wannan dabarar. Ni kaina sau nawa na ce wa mai saye motar da za ta kwashe kayan da la'asar za ta tashi, alhali ko direba ban nema ba. Na kalli agogon na yi dariya. Sannan na kalli farashin, gem ɗin da jiya yake kuɗin rabin buhu yau ya dawo kuɗin tiya biyu, sai wani abu a cikina ya ce: wannan ai kaka ce.

Haka na fara. Ba don wasa nake saye ba, yawancinsu ko buɗe su ban yi ba. Tara haja nake. Na zauna na auna abin da idon ɗan kasuwa, na ga ba ta son sito, ba ta son magani, ba kuɗin dako, ba ruwan sama da zai taɓa ta. Masu saye kuma na san inda suke. Mutanen da ke haƙar zinari a Bagega in sun samu, waya ce farkon abin da suke saye, kuma ba su iya ciniki ba. In rahusa ta wuce, farashi ya koma inda yake, sai in sayar musu ƙasa da kanti kaɗan. Ban tambayi taubashina ko hakan na yiwuwa ba. Ɗan kasuwa ba ya gaya wa maƙwabci abin da yake tarawa, balle taubashi mai bakin ganga.

Inna kaɗai na gaya wa, ita ma don ta kama ni ina murmushi ga waya da hantsi, koko na hucewa a gabana. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da alfahari. Ta saurara tana tsince tsakuwa a faifai, sannan ta tambaye ni ina rumbun. Na ce yana cikin wayar. Ta ce in ɗebo mata tiya guda ta gani. Na ce ba a ɗiba, amma ta duba, haja ce da ko gara ba ta ci.

"Abin da gara ta ƙi," in ji ta, "ban san wa kaka tara ma shi ba."

Na ce tsufa ne. A raina na ce.

Bayan wata uku na kai wake Anka, na haɗu da wani mai ramin zinari a Bagega da ke sayen abinci wurina saboda ma'aikatansa. Muna shan shayi na ga yana danna gem a wayarsa, na ce lokaci ya yi. Na matsa kusa, na rage murya kamar mai tallan zinari, na nuna masa jerin abin da na tara, na ce ya zaɓa zan yi masa sauƙi. Ya dubi jerin, ya dube ni. Mutumin kirki ne, bai yi dariya da ƙarfi ba. Ya ce ai wannan ba a fitar da shi, wanda ya saya shi kaɗai ke da shi, sai dai in sayar masa da wayar da sunana duka. Sannan ya buɗe kantin a tasa wayar ya nuna mini. Gem ɗin da na fi taƙama da shi, wanda na yi zaton na tsinci dami a kala, ga shi nan ya sake faɗuwa a ranar, har ƙasa da yadda na saya. Ashe a wannan kasuwar ba bazara. Kullum kaka ce, zagayowa kawai take yi.

Da labarin ya kai ga taubashina, mako guda yana kirana Alhajin sito uku. Duk wanda ya shigo caji sai ya ce masa ya gaida mai rumbun iska.

A nan ya kamata labarin ya ƙare, kuma da wani ne ya ba ni shi da na ce nan ya ƙare. Amma ban daina ba. Wannan ne abin da har yau nake juyawa a raina. Dalilin ya mutu, hannun bai mutu ba. Da goma da rabi ta yi sai in ji zama ya gagare ni. In tashi, in zauna, in leƙa sito ba abin da nake nema. Ina tsakiyar ciniki sai in ji kunnena ya bar mai magana. In sha ɗaya ta buga in buɗe, in ga jan layin nan a kan farashi, sai ƙirjina ya yi sanyi kamar na sha ruwan randa. In na saya, daɗin ba ya kai azahar. In ban saya ba, yini zan yi ina jin kamar an wuce da mota an bar ni a tasha. Na fara tsara tafiyata da sabis ɗin waya. Tsakanin Gummi da Bukkuyum, da hanyar Nasarawa Burkullu, ba tudun da ban san sanda nawa waya ke kawowa a kansa ba. Da can gonaki nake kallo a hanya, in ƙiyasta amfanin bana tun yana tsaye. Yanzu kusurwar waya nake kallo.

Akwai gem guda da bai taɓa faɗuwa ba, babban wan gem ɗin tirelar nan da na fara da shi. Shi kaɗai ne a cikinsu nake so don kansa. Kuɗinsa bai fi ƙarfina ba, amma ni in sayi abu a cikakken farashi? Kullum sai na leƙa shi, kamar mai zawarci.

Da kaka ta zo tsohon ya aiko da rana. Na fita da wuri a kan babur, da lokaci a hannuna har da saura. Goma da rabi na iso wani tudu mai itacen ƙirya, wurin ƙarshe da sabis ke kamawa kafin Adabka. Daga nan tafiyar ba ta kai awa guda ba. Na ce bari in sha ruwa. Na sha. Na ce saura minti ashirin, ba abin da zai ragu in na duba. Na zauna a kan saiwa ina kaɗa ƙafa.

Sha ɗaya ta yi, na buɗe, sai ga gem ɗin nan da nake zawarci. An ja masa layi.

Na yi lissafin a tsaye. Adabka ba sabis. In na shiga, kwana zan yi, don ba mai bin hanyar nan bayan la'asar, gobe kuma lodi zai cinye safiya, kafin in dawo tudun agogon ya cika. Yanzu ne ko babu. Na danna saye. Wata 'yar da'ira ta fara juyawa. Ta juya, ta juya, ta ce ba a yi nasara ba. Na sake. Banki ya ce zai turo lambobi, lambobin ba su zo ba, da suka zo sun riga sun lalace. Na koma gabas da itacen, na koma yamma. Na hau kan sirdin babur na ɗaga wayar sama. Wani mai kabu-kabu ya zo wucewa da fasinja, ya rage gudu ya tambaya ko lafiya, ko mai ne ya ƙare. Na ce lafiya lau, ban ko dube shi sosai ba. Inuwar ƙiryar ta tattare ta dawo gindinta, ta fara miƙewa ta ɗaya gefen. Ina gani. Kowane sake dannawa ina ce wa kaina wannan ne na ƙarshe. Na yi azahar a gurguje, wayar na kan buta don kada in rasa saƙo. Mai kabu-kabun ya dawo, ya sake komawa da wani fasinja.

Gab da la'asar cinikin ya shiga. Na tsaya ina jiran sanyin nan na ƙirji. Bai zo ba.

Da na isa Adabka na tarar da mutane a ƙofar gidan tsohon, shi kuma yana tsaye, abin da ba ya yi saboda gwiwa. A hanyoyinmu in mutum ya makara, ba facin taya ne farkon abin da ke zuwa zuciyar masu jiransa ba. Daga baya na ji cewa tun da azahar ta gota ya kasa cin abinci, ya sa 'ya'yansa biyu su shirya su bi sawuna, ya kuma sallami wani mai saye da ya zo da mota daga Anka, ya ce masa buhun na da mai kwance shi. Suna shirin fita ne mai kabu-kabun ya iso ya ce su kwantar da hankali, ya gan ni sau uku.

Muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Sai da mutane suka ragu ya ce, "An ce an gane ka bisa babur, hannu sama. Na ce ko roƙon ruwa kaka yi, ga shi damina ta wuce."

Ƙarya ta zo mini har baki, ta banki, ta wani babban ciniki. Amma da gaskiya na sami wurin zama a gidan nan, ban ga yadda zan riƙe shi da ƙarya ba. Na ce, "Baba, wasa ne na cikin waya. An karya kuɗinsa, na tsaya saye."

Ya tambaya ko sayarwa zan yi in ci riba. Na ce ba a sayarwa. Ya tambaya ko na yara ne. Na ce nawa ne. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa rasuwar wanda bai sani ba sosai.

Ya sa aka jawo buhu. Na kwance, na tura hannu, na ciji ƙwaya, ta yi ƙaras. Waken bana ya fi na bara. Na yi tayi, ina jiran ya ce albarka, mu shiga ja-in-jan da muka saba, wanda yakan kai mu har a kawo fura, yana zagin 'yan kasuwa ina zagin manoma. Bai ce albarka ba. Ya ce ya sallama. Tayi ɗaya. Ban taɓa jin ciniki ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Ina ɗaure bakin buhun ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Baɗi kada ka wahal da kanka da rana, ɗana. Wanda ya riga zuwa shi ka tayawa."

Na ce na ji.

Da na koma Gummi na sa taubashina ya cire katin daga wayar. Bai yi mini tsiya ba, abin da ya fi tsiyar ciwo. Sau biyu na koma na ce ya mayar, sau biyu na sake cewa ya cire. Gem ɗin tirelar na buga shi kamar sau uku. Inna kuwa, ranar da ta ji sai ta aiko mini da tuwo da miyar da nake so.

Da kaka ta zagayo ba a aiko mini da rana ba. A bakin wani direba na ji an gama sussuka. Na fita da sassafe, na wuce tudun ƙiryar ban rage gudu ba, na shiga Adabka da hantsi. Motar Anka na ƙofar gida. Mutumin nan ya riga ya tura hannu a buhu har gwiwar hannu, yana tauna ƙwaya, maƙwabta sun kewaye shi suna jiran abin da zai ce. Tsohon ya amsa gaisuwata da fara'a, ya sa aka ba ni tabarma da ruwa, irin yadda ake yi wa baƙo.

Na zauna ina jiran abin da zai rage. Can na ji hannuna a cikin aljihu, yatsa na shafa gefen wayar. Ban duba agogo ba, na san ƙarfe nawa. Na zare hannun na ɗora a gwiwa, na ci gaba da sauraron farashin da wani ke yanka wa waken.