Kaset ɗin da Alhaji Garba ya kawo daga Lyon

'Yan'uwa na Lyon, yau na yi kukan mutuwar Inna alhali tana raye!

Alhaji Garba ya iso Paris da hantsi, ya miƙo mini kaset, wai wani matafiyi ya bar masa saƙon gida guda biyu, nawa da nasa. Na saka a rediyo. Muryar wani dattijo: "Ka yi haƙuri, mahaifiyarka ta rasu ranar Talata." Bai kira suna ba.

Na zube. Ɗaki ya cika da masu gaisuwa.

Sai ga Habu tela, wannan da ba a cin abinci da shi saboda yana zaune da namiji ɗan'uwansa kamar miji da mata. Kullum yana cikin littattafan binciken kisa. Ya ce, "Malam Isa, maida shi baya in ji."

Alhaji ya ce, "Fita, la'ananne! Nan ma sai ka kawo ƙazantarka?"

Wani ya tofar da yawu. Ni ma na so korarsa, amma hannuna ya riga ni, ya maida kaset ɗin baya.

Habu ya kasa kunne. "Kun ji wannan kukan a baya? Jirgin ƙasa ne. Inna tana ina?"

Na ce, "Maraɗi."

"Yaushe aka kai jirgin ƙasa Maraɗi? Wa ke da uwa kusa da tasha?"

Kowa ya san gidansu Alhaji a Kano yake, bayan tashar jirgi.

Alhaji ya lalubo ɗaya kaset ɗin daga aljihu. Aka saka. Muryar Inna ce, tana faɗan na daina aiko da saƙo.

Allah Ya yafe mini, na yi dariya a gaban Alhaji. Habu ne ya riƙe shi da zai faɗi.