Maɓalli Na Uku Yana Nan, Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, mijinki ya kira ni da hantsi ya ce kin cika a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Ni mai rubuta abin da ya faru kowace rana, ran nan layi ɗaya na iya.

Yaya muke ce miki duka, har waɗanda suka girme ki, domin ke ce shugabar ɗakin aikinmu. Aikinmu koya wa na'ura gani. Wani kamfani na ƙetare yakan turo hotunan da aka ɗauka daga sama, mu duba abin da mutum ya saɓa a kafaɗa, mu danna ɗaya cikin maɓallai uku: makami, ba makami ba, ko ban tabbata ba. Da amsoshinmu ƙirƙirarriyar basirarsu take koyo. Ba a gaya mana inda za a kai ta ba, amma ba yara ba ne mu.

Babu wanda ya kai ni danna na ukun, har aka laƙaba mini Malam Wataƙila. Na ɗauka korata za ki yi. Sai kika jawo kujera kusa da ni, kika daɗe kina duban wani hoto, kika ce, "Ƙanena, ni ma ban sani ba. Fartanya ce ko bindiga? Danna abinka. Mutumin nan yana da uwa."

Ke ce kika matsa aka ba mu hutun ido. Da mai gadinmu ya kwanta ciwo, a motarki aka kai shi asibiti, kika kuma hana a faɗa.

Bara kamfanin ya ce a cire maɓalli na uku. Wai wata babbar ƙasa na neman shan gaban ƙasarsu, shakkarmu tana jawo musu jinkiri, kuma akwai ɗakuna a wasu ƙasashe da za su karɓi aikin gobe. Kin san bakuna nawa ke ci daga ɗakin nan. Kika tara mu kika faɗa mana gaskiya, sannan kika amsa musu a gabanmu: "Ku yi tserenku. Amma ba za mu koya wa na'ura rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba." Suka rage mana aiki. Maɓallin ya tsaya.

Yanzu ni aka ɗora a kujerarki, ban kuma tabbata na cancanta ba. Makon jiya suka sake turo buƙatar nan, ina jin sun ji labarin rasuwarki. Na tambayi 'yan ɗaki. Wata ta ce, "Malam Wataƙila, yau kuma me za ka danna?" Na ce a wannan kam ba ni da shakka. Na amsa wa kamfanin a'a. Ko za su bar mana aikin, Allah ne masani.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da mijinki, da 'ya'yanki mata biyu. Allah ya ba su haƙuri. Ke da kika ƙi yanke wa baƙo hukunci a kan zato, Allah ya yi miki hisabi mai sauƙi, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.