Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A ajinmu na koyon rubutu aka ba mu aikin da ya hana ni sakat. Malamin ya dawo daga wani taro da sabon salo wai shi fodkas: kowa ya naɗi shirin murya, wani ɗan aji ya saurara ya yi masa gyara a gaban kowa. Gyaran kuma dole ne ka yi shi, in ba haka ba a rage maka maki.

Ni Innata na naɗa. Na aro 'yar rikoda na zauna kusa da ita a tsakar gida tana tuƙa tuwo, tana ba da labarin zuwansu Jos da shekarun da ta yi tana kai nono Tina Junction. Ta kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ni kuwa ɗan fari ne, a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Ban ma lura ba, don da haka na tashi.

Wadda aka haɗa ni da ita wata 'yar Bukuru ce, ba Bahausa ba, ba Bafulatana ba, mai baki kamar reza. Na miƙa mata aikin. Ina tsoron ta yi wa Hausar Inna dariya, ko ta ce ƙarar muciya ta yi yawa.

Ranar gyara ta miƙe ta ce shirin ya yi daɗi. Har na fara sakin numfashi, sai ta juyo ta kalle ni.

"Amma mama naka ya kira yara duka, kai babu. Ya manta ka ne? Ka koma ya faɗa sunanka, shi ne gyara nawa."

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Malam ya gyaɗa kai ya rubuta, magana ta zauna.

A motar komawa gida ina ta juya yadda zan fara. Na sami Inna tana wanke ƙwarya. Na kunna rikodar, na yi ta kame-kame kafin na faɗa mata abin da ake so. Hannunta na cikin ruwa, ta ce:

"In ban faɗa ba, kayar da kai za su yi?"

Na ce mai yiwuwa.

Ta tsame hannu ta goge a zani. Ta gyara mayafi kamar wadda za ta shiga gaban surukai, ta sunkuyar da kai. Matar nan da ban taɓa ganin ta tsorata da bijimin sa mai faɗa ba, ga ta tana tattaro ƙarfi don ta yi abin da uwarta da kakarta ba su yi ba, saboda makin wani malami.

Ta ja numfashi, ta buɗe baki. Na danne maɓallin na kashe.

"Bar shi, Inna," na ce. "Batir ya ƙare."

Ta san ƙarya nake yi. Ta mayar da hannu cikin ruwan, ta daɗe tana wanke ƙwaryar da ta riga ta fita.