Tayar Baya ta Dama

Motata tsohuwa ce mai dogon baya, ta girmi ɗana na fari. Malamin firamare ne ni a Kwandiko, amma albashi ba ya riƙe gida, don haka ina noma riɗi da gero, motar kuma ita ce jakata. Da kaka nakan kwantar da kujerun baya in loda mata buhuna har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, mu kama hanyar kasuwar Gwaram tana nishi.

Wata shekara na gaji da jin salansa tana karce ƙasa, na kai ta wurin bakanikena a Birnin Kudu, wani dattijo mai shagon langa-langa da ba ya iya ɓoye magana. Na ce ya yi mata abin da masu ɗaukar kaya suke yi: ya cire sifirin ɗinta na baya ya sa na babbar mota, ya yanka tsohuwar taya ya cusa a tsakani, ya ɗaura shokozoba mai tauri.

"Malam, za ta ɗauki kaya," in ji shi, "amma ranar da babu kaya, mutum zai ji a ƙashinsa."

Na ce ni buhu nake ɗauka, buhu kuwa ba shi da ƙashi. Na yi dariyar maganata ni kaɗai. Bayan motar ya ɗaga sama, na koma gida ina taƙama.

Bayan shekara biyu uwar yarana ta kwanta. Wani ƙari ne a cikinta. Aka yi mata aiki a babban asibitin Birnin Kudu, aka ce mu riƙa komawa duk bayan mako biyu. Zama yana yi mata wuya, sai na shimfiɗa katifa a inda nake jera buhuna, ta kwanta ta gefen dama, saitin taya. Ta rame ƙwarai a lokacin, nauyinta bai kai na buhu guda ba. Kafin mu hau kwalta akwai gargada mai tsawo, kwaltar ma ramuka sun cinye ta.

Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa madubi in ce, "Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam. Ka kula da hanya."

Shekara ashirin da wani abu muna tare, na san matar nan ko wuta ce ta ƙone ta "da sauƙi" za ta ce. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwata ma take. Na sani sarai. Amma amsar ta yi mini daɗi, na karɓa, saboda kaka ta matso kuma ba na son a taɓa mini sifirin. Wannan ita ce gaskiyar, na daɗe ban iya faɗinta ba.

Wata bakwai muna wannan zirga-zirga. Ranar da aka ce a kwantar da ita don jikin ya tsananta, na bar ƙanwarta a wurinta, na leƙa gareji saboda tayar baya ta dama tana wani gurnani. Raina a ɓace yake, na shiga da faɗa, wai mai faci ya sayar mini da tayar banza.

Dattijon ya sa jak ya ɗaga motar, ya kama hannuna ya ɗora a kan tayar, ya juya ta a hankali. Ba suɗewa ta yi bai ɗaya ba. Nan tudu, nan kwari, nan tudu, har ta zagayo, a wani wurin waya ta fara leƙowa.

"Tayar ba ta da laifi," ya ce. "Ba tafiya take yi ba, tsalle take. Ta tashi ta daki ƙasa, ta tashi ta daki ƙasa. Shokozobar wannan gefen ta daɗe da mutuwa, sifirin kuma ƙarfe ne zalla. Ai na gaya maka. Me kake ɗorawa a nan yanzu?"

Ya leƙa ta gilashi ya ga katifar da ɗan matashin kai. Ya saki hannuna.

"Subhanallahi. Malam, mai jikin ce a nan?"

Na zagaya na buɗe bayan. A jikin bango, daidai inda hannunta yake kaiwa, ledar ta yage gida huɗu, soso ya fito. Sawun farce ne. Kullum ina share motar nan, ban taɓa lura ba.

Ya fara yi mini bayani, wai akwai shokozoba mai gas da mai mai, akwai sabuwa da 'yar Kwatano, akwai matsakaiciya wadda za ta ɗan ɗauki kaya. Na katse shi. Na ce wadda ta fi kowace laushi nake so, a mayar da sifirin irin nata na asali, a fitar da robar nan a jefar, a sa sababbin tayu a saita ƙafafun.

"To riɗin fa?"

"Bari ya ruɓe a gona."

Sifirin sai an aiko daga Kano. Kwana huɗu ina hawa acaɓa tsakanin asibiti da gareji, ina tsaye a kansa ina masa masifa kamar shi ya yi laifin, shi kuwa bai taɓa ramawa ba. Na gaya mata ana gyara motar, in an sallame ta za ta ji kamar a kan gadonta take. Ta yi murmushi ta ce, "Da ma ba ta da komai, Malam." Ko a ranar ba ta yarda ta ɗora mini laifi ba.

Ranar Alhamis da la'asar aka gama. Ranar Juma'a da hantsi ta rasu.

A motar muka ɗauko ta. Aka lulluɓe ta a kan katifar nan, ta gefen dama, yayanta ya zauna kusa da ita, ƙanwarta a gaba tana kuka a cikin mayafi. Muka bar kwalta muka shiga gargada. Motar tana shiga rami tana fita a hankali, ko ƙara babu, ruwan da ke cikin gorar da ke gabana ma da ƙyar yake motsi. A babban ramin da ke kusa da gari na leƙa madubi, bakina har ya buɗe zai ce sannu.

Yayan nata, da bai san komai ba, ya share ido ya ce, "Malam, motar nan taka akwai laushi. Allah ya saka maka, ba ka wahalar mana da ita ba."

Na tsaya a gefen hanya, na kifa kaina a kan sitiyari. Suka yi ta ba ni haƙuri, suna zaton kukan rashi ne kaɗai.

Motar tana nan har yanzu. Ba ta iya ɗaukar fiye da buhu uku, tayunta kuma suna suɗewa daidai wa daida. Bakaniken ya ce in kawo ya liƙe ledar da ta yage, na ce ya bar ta.