Tsayuwar Marvella

Marvella Stidham ba haifaffiyar Ohio ba ce. A duwatsun Kentucky aka haife ta, gidan mahaƙan kwal, aure ne ya tsallako da ita kogi zuwa wani ɗan gari a kudancin Ohio. Mijinta Hollis direban babbar mota ne, sai ya shafe mako biyu a kan hanya. Da zaman gida ya ishe ta, sai ta nemi aiki a shagon yadi na wata tsohuwa a tsakiyar gari. A nan hannunta ya faɗa da almakashi, har ta kai idan mace ta shigo ta ce labule take so, kallon fuskarta kawai Marvella za ta yi ta ɗauko mata launin da zai kwanta mata a rai.

Ana haka aka sayar da gonar masarar da ke bakin babbar hanya, aka gina kanti a wurin. Yana da suna, amma Babban Kanti kowa yake ce masa. Babu abin da ba a sayarwa a ciki, daga tayar mota har madarar jarirai, kuma komai da araha. Mai shagon takalma ne ya fara rufewa, mai kayan ƙarfe ya bi shi. Ranar da tsohuwar nan ta kulle nata shagon, ita da bakinta ta ce wa Marvella, "Je ki can, 'yar nan. Na ji suna da ɓangaren yadi, kuma ba su da wanda ya san tsawo daga faɗi."

Ta je, aka ɗauke ta. Aka ba ta riga 'yar shara mai tambarin kanti da bajo mai sunanta. Kullum da safe sai a tara ma'aikata a yi tafi a rera sunan kanti. Ita dai tafin take yi, ba ta taɓa iya buɗe baki ba.

Kusan shekara ashirin ta yi a ɓangaren yadi, can ƙuryar kanti kusa da fenti. Ba za ta ce ta sha wahala a nan ba. Akwai faffaɗan tebur na yanka, idan babu mai saye takan ɗan jingina da shi, manyan kuma ba su cika leƙowa ba. Matan coci masu haɗa barguna da ƙyallaye duk wurinta suke zuwa, su yi sayayya su yi hira. Albashi ne dai bai taɓa yin ƙiba ba. Duk shekara a kira ta ofis a yaba mata, a ƙara mata 'yan senti a kan kowace awa. Wata shekara kantin ya ɗaga abin da yake biyan sababbin shiga, sai ta wayi gari tsakaninta da wadda aka ɗauka jiya bai fi kuɗin kofin gahawa ba. Ta faɗa wa Hollis, ya yi tsaki, ita kuma ta ci gaba da soya dankalinta. Da aikin nan suka yaye 'ya'ya biyu, da shi kuma suka riƙe gida lokacin da ciwon baya ya kama Hollis, ya ajiye tuƙi.

Sai wata Litinin manaja ya kira ta. Trent Albers sunansa, bai kai talatin ba, ita ce ta yanka wa mahaifiyarsa yadin zanen gadonsa tun yana ciki.

"Mama Marvella, zauna mana," ya ce, yana ta juya biro. "Hedkwata ta ce a ɗauke ɓangaren yadi. Ba ya kawo riba. Kayan waya za a zuba a wurin."

"Ni kuma a zuba ni ina?"

"Haba Mama, wa zai rabu da ke? Gaba za ki koma, wurin karɓar kuɗi."

"Da gwiwoyin nan?"

Ya kalli tebur. "Wurin da ke akwai ke nan."

Aikin kashiya tsayuwa ne. Daɓen siminti ne a ƙasa, an shimfiɗa 'yar tabarmar roba da ta riga ta suɗe. Za ka tsaya wuri ɗaya kana jan kaya a kan na'ura tana ƙara, ka ɗaga buhun abincin kare, ka ɗaga katan ɗin ruwa, kana murmushi. Na'urar tana auna saurinka, kuma tana kai rahoto. Lokutan aiki ma ba mutum ke tsarawa ba, kwamfuta ce. Wannan makon safe, mai zuwa yamma, wani makon a cika maka awoyi, wani a zaftare rabi. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: ba ta taɓa barin awoyin su kai inda za a kira ka cikakken ma'aikaci. Da haka inshorar lafiyar Marvella ta sulale, ba tare da kowa ya ce mata an cire ba.

A kantar da ke kusa da tata akwai Odessa Tolliver, wata baƙar fata doguwa, mai waƙa a coci, mijinta ya rasu. Ta daɗe a gaba, babu manajan da ba ta ga zuwansa da tafiyarsa ba. Ranar farko ta dubi ƙafafun Marvella ta girgiza kai.

"'Yar dutse, da wannan takalmin kika zo? Biki aka ce miki?"

"Shi nake sawa shekara da shekaru."

"A can ƙurya kina hutawa da matan coci. Nan filin daga ne. Gobe ki sayo mai kauri, ki sa safa biyu. Kuma kada ki sha ruwa da yawa, don kafin a ba ki izinin zagawa kin gama addu'o'in da kika sani."

"Ke dai bakinki ba ya gajiya."

"Shi kaɗai ne ba ya ciwo a jikina."

Takalmin ya taimaka, amma bai hana ba. Kafin hunturu ya fita gwiwar hagu ta kumbura. Idan ta tashi daga aiki sai ta zauna cikin mota ta daɗe kafin ta iya tuƙawa. A gida Hollis yakan ɗauko ledar wake mai ƙanƙara daga firji ya ɗora mata, su zauna gaban talabijin, shi da bayansa ita da gwiwarta.

Ta roƙi Trent a ba ta kujera, doguwa marar majingina, irin wadda kantin da kansa yake sayarwa. Ya ce doka ta hana, wai idan mai saye ya ga kashiya a zaune zai ɗauka ba a damu da shi ba. Sai dai in ta kawo takardar likita. Ganin likita ba inshora ba ƙaramin abu ba ne, amma ta daure ta je asibitin sa-kai na gari na gaba, ta yini a layi. Ranar kuma ta faɗo cikin ranakun aikinta, aka rubuta mata fashi. Aka aika takardar zuwa hedkwata, can wata jiha. Da amsa ta zo, cewa aka yi ana iya mayar da ita bakin ƙofa ta riƙa gaishe da masu shigowa, amma awoyinta za su ragu. Shi ma mai gaisuwar a tsaye yake.

"To ka ce musu na gode," ta ce da Trent. Ta koma kantarta.

Cikin matan da ta saba yanka wa yadi akwai Geneva Rudd, tsohuwar malamar firamare, wadda rabin garin suka bi ta ajinta, har da Trent. Wata Asabar da rana, kanti ya cika, ta biyo layin Marvella. Ta tarar da ita ta dafa kanta da hannu ɗaya, ta ɗage ƙafar hagu kamar zakara.

"Me ya samu ƙafar?"

Marvella ta ce babu komai. Odessa ce ta ba da labarin daga nata layin, ba ta ko rage murya ba, tana jan kayan wani tana yi.

Malama Geneva ta bar kayanta a kan kanta, ta juya cikin kanti a hankali da sandarta. Can sai ga ta ta turo doguwar kujera a keken zuba kaya. Ta sa Marvella ta ja ta a na'ura, ta biya, ta karɓi rasit. Sannan ta zagayo da ita ta ajiye a bayan kanta.

"Wannan tawa ce, na biya. Motata ta cika, ba inda zan sa ta. Ki ajiye min. Kuma ki zauna a kai kada wani ya ɗauka."

Mutanen layi suka yi dariya. Marvella ta rasa yadda za ta yi, kunya ta kama ta, ga shi gwiwar tana zugi. Ta ɗosana.

Ba a jima ba Trent ya iso, an riga an kai masa labari. Ya buɗe baki ke nan ya yi ido biyu da malamarsa.

"Trent Albers," ta ce, "ka yi girma. Yaya mahaifiyarka?"

"Tana lafiya, Malama. Ai dama wannan kujerar ce..."

"Tawa ce. Ajiya na bayar. Ko kantinku ba ya karɓar ajiya?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi layin da ya miƙe har wurin kayan sawa, ya ce bari ya buɗe wata kanta a rage cunkoso. Ya tafi bai dawo ba.

Da yamma ya tare Marvella a ɗakin hutun ma'aikata, ya rufe ƙofa. Idonsa duk ya faɗa, shi ma tun asuba yake kan ƙafa.

"Mama, ni ban ga kujera ba. Amma duk ranar da shugaban shiyya zai zo zan ce miki ana neman ki a wurin fenti. Idan kin ji haka ki tura ta ƙarƙashin kanta. In ya gani, ni da ke duka waje za mu yi, kuma matata ta kusa haihuwa."

"Na ji, ɗana. Allah ya sauke ta lafiya."

Haka aka yi ta yi fiye da shekara. Na'ura ba ta nuna saurinta ya ragu ba, ba wanda kuma ya taɓa kai ƙara cewa an yi masa hidima a zaune. Idan layi ya yi sauƙi takan miƙa wa Odessa kujerar ta ɗan sarara.

"Sarauniya ta ba talaka aron gadon mulki," in ji Odessa. "Amma ki gaya wa malamar nan ni ma motarta ta cika a layina."

Daga baya aka ɗauke Trent aka kai shi wani reshe. Wadda ta gaje shi baƙuwa ce, ba ta san kowa ba, ba ta kuma bi ta ajin kowa ba. A makonta na farko ta sa aka kai kujerar ofis, ta ce mai ita ta zo ta ɗauka. Lokacin Malama Geneva ta koma wurin 'yarta a Columbus, jiki ya yi rauni. Marvella ce ta sa kujerar a mota ta kai gida. Tana nan a kicin, a kanta Hollis yake zama yana feraye dankali.

Maganar ma ba ta daɗe tana da amfani ba, don a bazarar nan aka tumɓuke yawancin kantocin karɓar kuɗin aka kafa na'urorin da mai saye ke biya da kansa. An sallami wasu, wasu suka gaji da ƙarancin awoyi suka tafi. Marvella da Odessa suna cikin waɗanda suka rage. Aikinsu yanzu shi ne zagaya na'urorin, idan fitila ta yi ja su je su ga abin da ya faru, su kuma sa ido kada wani ya fita da abin da bai biya ba. Wannan na ƙarshen shi ne Marvella ta fi ƙi, don yawancin waɗanda aka ce ta sa wa ido ta san iyayensu. Tafiyar dai ta fi wa gwiwar sauƙi a kan tsayuwa wuri ɗaya, wannan kam ta yarda.

Likita ya ce gwiwar sai an yi aiki. Tana jiran ta cika sittin da biyar, ta shiga inshorar gwamnati ta tsofaffi, saura ƙasa da shekara biyu. 'Yarta da ke Dayton ta sha cewa ta bar aikin ta dawo wurinsu. Marvella ta ce ba za ta je ta zama kaya a ɗakin siriki ba, kuma Hollis ba zai iya hawa bene ba. Ranakun da ba ta aiki tana karɓar rage tsawon wando da gyaran rigunan amare a gida, yadi kuwa sai ta aika a sayo mata daga birni, don duk garin babu mai sayarwa.

Kwanan baya kwamfuta ta sa ta aiki ranar da za a yi wa jikanta baftisma. Ta sami Odessa a ɗakin hutu tana cin taliya da cuku a roba.

"Yaya Odessa, za ki karɓar min Lahadi?"

"Yau kuma ni ce Yaya? Lahadi ina da waƙa."

"Na yamma ne. Kin gama waƙarki kin ci abinci."

Odessa ta tauna, ta haɗiye. "Rigar cocina ta matse ni a hammata."

"Kawo ta gobe in buɗa miki."

"Kada ki ce ƙiba na yi."

"Ni na ce? Rigar ce ta tsuke."

Odessa ta rufe robarta ta miƙe, tana dafa tebur. Suka je tare wurin sabuwar manajar don ta amince da musayar, suka tarar tana waya, suka tsaya a bakin ƙofa suna jira ta gama.