Buhunan Baffa a Kwanar Kanal

Aikina a Legas shi ne in zauna gaban kwamfuta ina lissafa yadda ruwa ke tafiya a hanyar da jiragen ruwa ke bi zuwa tasha, da inda yashi zai taru ya hana su wucewa. A ƙauyenmu, arewa da Kano, ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin sana'a.

Wani rani na zo gida na tarar albasar mahaifina tana bushewa. Kanal ɗin da ke kawo mana ruwa daga dam ya cika da yashi, gonakin ƙasa sun daina samun ruwa. Kwana huɗu ina auna zurfi da faɗi da sanda, na zuba a kwamfuta. Ta nuna abin da kowa ya sani amma ya ƙi faɗa: buhunan ƙasa da Baffa, yayan mahaifina, ya jera a kwanar kanal ɗin don ya karkata ruwa gonarsa, su ke rage wa ruwan gudu, yashi ya kwanta.

Bayan la'asar manoma suka taru a bakin kanal, na buɗe musu hoton da kwamfutar ta fitar. Baffa bai ko kalla ba.

"Wannan akwatin ya taɓa riƙe fartanya?" in ji shi.

"Baffa, aunawa na yi."

"Ka auna ni dai. Ubanka ya turo ka ka tozarta ni a gaban mutane."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce in ba a cire buhunan ba, kowa ya san wanda ya kashe masa albasa. Da kansa Baffa ya shiga ruwan, ya dinga fizgo buhunan yana jefarwa a gabana, laka na fallatsa mini a riga.

Aka yashe kanal, cikin mako ruwa ya iso gonakin ƙasa. Tumatirin Baffa kuwa, da ruwa ya ragu a gonarsa, ya ƙone rabi.

Da na je yi masa sallama ya aiko a ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Har yau in na zo gida na gaishe shi a masallaci, ƙasa yake kallo ya amsa.